Daga Asterisk 18 zuwa 22: me za a samu, me zai karye?

Injiniya Bala: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani ɗakin amsa kira mai ma'aikata 30 yana kan Asterisk 18 (manhajar sarrafa kiran waya), ana son a riƙa tura muryar kira kai tsaye zuwa manhajar da ke mai da magana rubutu. A ɗaga zuwa 22 ne, ko a koma FreeSWITCH, wata manhajar mai irin wannan aikin, gaba ɗaya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Injiniya. Ka nufi 22, kada ka yada zango a 21. Masu lambar cika su ake daɗe ana yi wa gyara: 20 ta fito a Oktoban 2022, 22 kuma a Oktoban 2024. Amma kafin ka yi ɗokin sabon abu, duba abin da aka cire tun daga 21: chan_sip (tsohon sashen haɗa wayoyi ta SIP, ƙa'idar kira ta intanet), app_macro (mai gudanar da Macro) da res_monitor (tsohon mai naɗar kira) duk babu su. In sip.conf, fayil ɗin saitin chan_sip, ke riƙe da layukanku, ranar da kuka ɗaga ko waya ɗaya ba za ta yi rajista ba. Ku koma PJSIP, wadda ta maye gurbin chan_sip, tun kuna kan 18, a gwada ta zauna, sannan a ɗaga. Akwai sip_to_pjsip.py a cikin contrib/scripts, mai juya saitin sip.conf zuwa na PJSIP, tana rage aiki, sai dai dole a bi abin da ta fitar da ido.

Hajiya Rabi: Ƙari kan maganar Malam Sani. Duk inda aka rubuta Macro a cikin tsarin tafiyar kira (dialplan) a mai da shi Gosub, umarnin da ya maye gurbinsa, a rufe da Return, in ba haka ba kira zai shiga ya ƙi dawowa. ARG1 da ARG2 suna nan yadda suke, amma MACRO_EXTEN, mai riƙe lambar da aka kira, ya tafi, sai ka miƙa lambar da kanka. Zaɓin M na cikin Dial ya koma U. Naɗar kira kuwa MixMonitor ce a madadin res_monitor.

Sannan NAT, wato sauya adireshin cikin gida zuwa na waje da router ke yi, nan ne PJSIP ke kayar da mutane. A kowane endpoint (saitin kowace waya ko layi) sa rtp_symmetric, force_rport da rewrite_contact su zama yes, direct_media ya zama no. A transport (saitin hanyar da saƙonni ke bi) cika external_media_address, external_signaling_address da local_net, ka kuma sake tayar da Asterisk ɗin ɗungurungum, reload kaɗai ba ya ɗaukar canjin transport sai an kunna allow_reload. In kira yana yankewa wajen daƙiƙa 32, saƙon ACK mai tabbatar da haɗuwar kira ne bai iso ba saboda adireshin cikin gida da ya fita a Contact. In murya ɓangare ɗaya ake ji, duba ko an buɗe ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000, inda murya ke bi.

Injiniya Bala: Na gode Hajiya. To maganar fitar da muryar fa?

Malam Sani: Hanya uku ce. AudioSocket, tana nan tun 18, ita ce mafi sauƙi: TCP ce, kowane ƙunshi da kai mai bayit 3, ɗaya na nau'i, biyu na tsawo. Muryar 8 kHz ce, bit 16, wato bayit 320 a kowace milisakan 20. In za ka mayar da murya cikin kiran, ka aika ta a wannan takun, kada ka zuba ta lokaci guda, sai ta fito a daddatse.

Ta biyu externalMedia ta ARI (hanyar da wata manhaja ke sarrafa Asterisk daga waje), mai fitar da RTP, ƙunshin da murya ke tafiya a ciki. Ka buɗe snoop (layin da ke sauraren kira) a kan kiran, ka haɗa shi da externalMedia a bridge ɗaya, wato mahaɗar layuka. Ka yi snoop biyu, spy=in da spy=out, don muryar mai kira da ta ma'aikaci su tafi daban; rubutun ya fi fita tsaf. Hattara da jerin bayit: slin (muryar da ba a matse ba) a RTP babban bayit ne a gaba, a AudioSocket ƙarami ne a gaba. In aka rikita su, shuuu kawai za ka ji.

Ta uku chan_websocket, da aka ƙara a 2025. Ita ta fi dacewa da manhajojin gane magana na yanzu, amma ka tabbatar fitowar 22 ɗin da ka sauke ta baya-bayan nan ce.

Alhaji Garba: Ni dai a kira 30 ban ga dalilin ƙaura zuwa FreeSWITCH ba, sake rubuta komai za ku yi. In kira ya kai dubbai, sannan a yi maganar sa Kamailio da rtpengine, masu rarraba kira da murya, a gaban Asterisk.

Abin lura shi ne kodek, wato salon shirya murya don aikawa, irin su G.729, alaw da Opus. Kada ku ciyar da manhajar rubutu da G.729, matsewar tana cinye baƙaƙe. Ku tsaya kan alaw. Kira ɗaya na cin kusan 87 kbps kowane ɓangare, 30 kuwa wajen 2.6 Mbps. Neman slin16 (slin mai 16 kHz) ba zai ƙara komai ba matuƙar kiran da 8 kHz ya shigo. Mai son Opus kuma ya sani codec_opus na Sangoma na x86 ne, ba ya hawa Raspberry Pi.

Hajiya Rabi: STIR/SHAKEN, tsarin tantance lambar mai kira da aka sake wa gini, ku bar shi a kashe sai in kuna kai kira Amurka ko Kanada ta kamfanin da ya buƙace shi. Injiniya, FreePBX, shafin sarrafa Asterisk ta burauza, ce a saman sabar ko tsurar Asterisk? In FreePBX ce, FreePBX 17 kan Debian 12 take, sabuwar saba za ku girka ku dawo da ajiyar bayanan tsohuwar (backup) a ciki.