Gajeren irin kwakwa: yaushe yake fure, kuma me ke sa 'ya'yan zubewa?

Mai lambu daga Lakwaja: Assalamu alaikum. Gajeren irin Malesiya mai ruwan ɗorawa da na dasa a gefen kogi ya fara fure a shekararsa ta huɗu, amma ƙananan 'ya'yan suna kakkaɓewa tun ba su wuce girman lemun tsami ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan noma su faɗi abin da suka gani a gonakinsu.

Dattijo mazaunin Badagiri: Wa alaikumus salam. Malam, lokacin furen naka daidai ne, domin gajeren iri yakan fara tsakanin shekara 3 zuwa 4, alhali dogon irin da ya cika bakin tekunmu yakan kai 6 ko fiye. Nonon farko da na biyu ba su cika riƙe 'ya'ya ba, nawa ma haka suka yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ruwa, saboda furen da ka ga ya fasa kubensa yau ya fara ƙulluwa a cikin zuciyar bishiyar sama da shekara biyu da suka wuce, don haka ƙishin da ta sha a wani ranin baya yana iya bayyana yanzu, bayan mai gona ya manta da shi. Tun da na riƙa binne ɓawon kwakwa a kewayen gindi don ya riƙe laima, ina kuma zuba toka da takin shanu, zubewar ta ragu ƙwarai.

Hajiya daga Zangon Takoradi: Baba ya yi gaskiya, sai dai a nan Gana ba kowace zubewa muke ɗora wa ƙishi ba. Akwai cutar da ake kira da sunan Cape St Paul, wadda takan fara da zubar da 'ya'ya manya da ƙanana, sannan furen ya yi baƙi, ganye ya yi ɗorawa daga ƙasa zuwa sama, har kan bishiyar ya faɗi. Ita ta cinye gonar mahaifina, shi ya sa muka koma irin da aka aurar tsakanin koren gajere na Siri Lanka da dogo na Banuwatu, wanda ya fi jure mata. Malam, ka duba furen; idan launinsa lafiya lau ne, da wuya ita ce.

Matashi daga Kiribi, Kamaru: Jan gajeren irinmu yana yi wa kansa barbara, domin furen namiji da na mace suna buɗewa lokaci guda a nono ɗaya, kuma ko bishiya ɗaya tak a tsakar gida tana haihuwa. Mukan sare 'ya'yan da za a sha ruwansu a wata 6 zuwa 7 bayan fure, na iri kuwa sai sun kusa shekara. Ƙwaro mai ƙaho da ke huda ƙoƙon bishiya ne ya fi damuna, musamman tun tana ƙarama.

Mai lambu daga Lakwaja: Na gode, Baba da Hajiya. Na duba, furen bai yi baƙi ba, amma lallai ban-ruwana yana tsayawa da hunturu, lokacin da iskarmu ta fi ta bakin teku bushewa nesa ba kusa ba. Baba, nisan taku nawa daga gindi kake haƙa ramin ɓawon?