An sallami ƙanena daga aiki: akwai kuɗin da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya shekara 6 yana aiki a wani kamfani mai zaman kansa nan cikin Katsina. Watan jiya aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da shi. Shekarunsa 34, ga mata ga 'ya'ya uku. Na ji ana cewa a ƙasashen waje gwamnati na ba wanda ya rasa aiki wani abu duk mako har ya samu wani. Mu nan akwai irin haka? In akwai, ina za shi, da waɗanne takardu?

Akanta daga Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya masa da mafi alheri. Malam, maganar gaskiya babu. Abin da ka ji tsarin irin su Amurka ne: kowace jiha da asusunta, kamfanoni ke zuba haraji a ciki, yawancin jihohi kuma na biya har mako 26 ga wanda aka sallama ba da laifinsa ba. Najeriya ba ta da wannan inshora.

Abin da zai iya taɓawa kuɗin fanshonsa ne. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai samu wani ba, ya ciri abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa ba. In akwai naira 800,000 a ciki, 200,000 ke nan. Sauran sai ya kai 50.

Kamfanin fanshon da ke riƙe da asusunsa zai je, ba PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa, ba. Ya tafi da takardar sallama, takardun albashin watanni ukun ƙarshe, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru daga kotu, lambar NIN, hotunan fasfo, da bayanin asusunsa na banki. Abu biyu ke yawan tsayar da biya. Na farko, saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da rajistar fansho, misali nan Muhammadu can Mamman. Ya gyara wannan tun yanzu, kada ya jira wata huɗun su cika. Na biyu ya fi ciwo: kamfani ya riƙa yanke kashi 8 daga albashi, amma bai zuba ba, balle kashi 10 da ke kansa. Ya nemi cikakken bayanin asusunsa, ya bi wata bayan wata da takardun albashi a gefe. Duk watan da ya ga giɓi ya rubuta wa kamfanin, in sun yi kunnen uwar shegu ya kai ƙorafi PenCom. Kuɗin da bai shiga ba ba ya cikin lissafin kashi 25 ɗin.

Hajiyar Daura:
Kafin a kai ga fansho, ɗan'uwa, a duba haƙƙinsa da ke hannun kamfanin, don shi mutane suka fi sakaci da shi. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara 5 ko fiye sai an ba shi sanarwar wata guda, ko a biya shi albashin watan a madadinta. Daga shekara 2 zuwa 5 mako biyu ne. Amma dokar ba ta haɗa da manajoji da ƙwararrun ma'aikatan ofis ba, su takardar ɗaukar aikinsu ce hujja, don haka ya nemo ta ya karanta. Kuɗin sallama na rage ma'aikata doka ba ta yanke adadinsa ba, sai abin da ke cikin yarjejeniya ko abin da ƙungiyar ƙwadago ta sasanta.

Don Allah kada ya sa hannu a takardar da ta ce ya karɓi dukkan haƙƙinsa alhali kuɗin bai shiga asusunsa ba. In an hana shi, ya fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina, suna kiran ɓangarorin biyu a yi sulhu. In ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. To NSITF fa, asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya? Wani ya ce su ma suna biya.

Akanta daga Rafindaɗi:
Nasu diyya ce ga wanda ya ji rauni, ya kamu da ciwo ko ya rasu ta dalilin aiki, bisa dokar 2010. Rage ma'aikata ba ya ciki. Saƙonnin WhatsApp masu cewa a cike fom na tallafin marasa aiki a saka BVN kuwa, 'yan damfara ne, kada ya taɓa. Sannan ya sani sau ɗaya ake cirar kashi 25 ɗin nan. In ya karɓa yanzu, ko an sake sallamarsa nan gaba ba za a ƙara ba shi ba, don haka gara ya jira kamfanin ya zuba bashin watannin da ake binsa kafin ya miƙa takardunsa.