Mamifer da Hausa: masu shayarwa ko masha-mama?

Mushen kimiyya, Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina rubuta wa ƴan ajina na kolej gajeren bayani da Hausa kan yadda masana suka kasa halittu masu rai. Manyan rassan ba su ba ni wahala ba. Tun 1990 da wani masani, Carl Woese, ya kawo tsarin gida uku ake cewa akwai bakteriya, akwai arkiya (ƙananan halittu masu kama da bakteriya, ido ba ya ganinsu), sai gida na uku inda tsirrai suke, da dabbobi, da dangin funfuna da laimar kwaɗi, da ƙananan halittu irin wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Daga nan kowane gida yana rarrabuwa ƙasa-ƙasa, kamar sarautar Damagaram: sarki, sarakunan kanto, masu gari, masu unguwa. Cikin masu ƙashin baya na samu kifaye, tsuntsaye, masu jan ciki, dangin kwaɗo. Inda na cije shi ne mamifer, sunan Faransanci na halittun da ƴaƴansu ke shan nonon uwa. Ina son suna ɗaya da zai ɗauki raƙumi, ɓera, jemage da ayu, kuma yaro ya faɗe shi a gaban kakarsa ta gane.

Dillalin bisashe:
Wa alaikumus salam. Ɗana, me ya hana ka ce dabba kawai? Mu tun tasowarmu kaza ba dabba ba ce, tsuntsuwa ce. Kifi kifi ne, fara ƙwaro ce. In mutum ya ce zai je kasuwar dabbobi, ba wanda zai zaci zabo zai sayo.

Mushen kimiyya, Birni:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya. Dabba a bakin mutanen gari ta fi kusa da mamifer fiye da yadda ƴan boko ke zato. Matsalar ita ce littafi ya riga ya ari kalmar ya ɗora ta kan masarautar gaba ɗaya, har da tana da sauro. In na sake kiran wannan reshe dabba, yaro zai rubuta mini cewa dabba wani yanki ne na dabbobi. Ga kuma jemage, wanda ba ka saka shi cikin dabbobi ba, alhali jemagu sun haura iri 1,400, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na dukkan mamifer, waɗanda suka haura iri 6,000. Dangin ɓera, gafiya, kurege da beguwa kaɗai ne suka fi su yawa, su ne kusan kashi 40 cikin ɗari. Bisashen da muke kiwo ƴan tsiraru ne a wannan taro.

Wani ɗan Zango:
To a ce masu ƙafa huɗu mana, ko masu haihuwa.

Tsohon mafarauci, Mirriya:
Yaro, damo ƙafa nawa gare shi? Kada fa? Haihuwa kuma, kasa ba ta ƙwai, ƴaƴa take zubarwa da ransu. Kunama ma haka, har ta goya su a baya. In ka ce masu haihuwa ka shigo da su ɗaki.

Ɗalibar jami'ar André Salifou:
Baba ya gama magana. Ta ɗaya gefen ma sunan yana yoyo: akwai mamifer iri biyar da ke yin ƙwai, duk a Ostareliya da tsibirin Niyu Gini. Ɗaya mai baki irin na agwagwa, tana rayuwa a bakin rafi. Sauran huɗun masu ƙaya ne kamar bushiya, da dogon baki na cin tururuwa da makamantansu. Suna ƙyanƙyashe ƙwai sannan su ba ɗan nono. Ƙafa huɗu kuwa, balen, ƙatuwar halittar teku mai siffar kifi, ba ta da ƙafar baya ko ɗaya a waje, ga babbar cikinsu tana kai mita 30, ba dabbar da ta kai ta girma. Abin da ya haɗa su duka: gashi ko da ƙalilan ne, nono, ƙananan ƙasusuwa uku a cikin kunne, da muƙamuƙin ƙasa mai ƙashi guda a kowane gefe. Mushe, ni dai masu gashi ya fi kwanta mini, don namiji da mace duk suna da shi.

Mushen kimiyya, Birni:
Ƙanwata, a Faransanci gashin dabba da na tsuntsu kowanne da sunansa, amma mu gashin kaza gashi ne, gashin jimina gashi ne. Gizaka ma ta shigo. Wannan ƙofar a rufe take.

Ma'aikacin gidan rediyo:
Ban ga abin wahala ba. Mu a labarai dabbobi masu shayarwa muke cewa, haka ma ƴan uwanmu na Najeriya suke rubutawa. Wanda ya saurara daga Kano ko Maraɗi zai gane ba tare da an yi masa fassara ba. Don me za mu ƙirƙiro sabo mu raba kan masu karatu?

Ungozoma, Sabon Gari:
Malam, a wajenmu mai shayarwa mace ce da jariri a hannu. Kullum muna cewa mata masu ciki da masu shayarwa su zo awo. Ranar da yaro ya dawo gida ya ce wa uwarsa an koya musu jaki mai shayarwa ne, ka san za a yi dariya. Kuma ina bunsuru yake shayarwa? Wani abu da ya ba ni mamaki tun muna makarantar koyon aiki: ita kanta kalmar Turawan daga mama ta fito. Wani masani, Carl Linnaeus, ne ya raɗa wa wannan reshe suna a 1758 daga kalmar Latin mai nufin maman mace, daidai da yadda muke cewa ciwon mama. Ba aro ba ne tsakaninmu, dacewa ce kawai, amma tunda ta zo hannu me zai sa mu bar ta?

Malamin Hausa mai ritaya, Garin Malam:
Hajiya ta buɗe hanya, bari in bi. Kuskuren masu shayarwa shi ne ya dubi uwa. A juya a dubi ɗa. Ba kowane ɗayansu ke shayarwa ba, amma ba ko ɗaya, sa ko saniya, toron giwa ko jemagen nan na ƙasar Tailan da bai wuce giram 2 ba, da ya rayu bai sha maman uwarsa ba, sai maraya da aka raina da hannu. Hausa kuwa tana da ƙirar da ta dace: maci-amana, maga-takarda, masha-ruwa da muke kiran bakan gizo. Saboda haka ina ba da shawarar masha-mama. Kalma ɗaya ce, ba ta da namiji ba ta da mace, jam'inta ma haka nan za a bar shi: raƙumi masha-mama ne, jemagu masha-mama ne. Na guji masha-nono da gangan, don duk wanda ya zauna gaban ƙwaryar fura masha-nono ne. Na kuma guji mashaya, kun san inda wannan take kai tunani.

Mai kiwon tantabaru, Kara-Kara:
Ranka ya daɗe Malam, tantabara fa? Ƴaƴanta ba sa cin tsaba a farkon kwanakinsu, wani farin abu mai kauri iyayen ke ɗura musu, uwa da uba duka.

Malamin Hausa mai ritaya, Garin Malam:
Tambaya mai kyau, ɗana, kuma ita ce ta nuna inda mama ta fi nono. Abin da tantabara ke bayarwa daga jakar wuyanta yake fitowa, inda take tara tsaba, ta amayo shi a bakin ɗan. Wani zai iya kiransa nono, amma ba mai cewa tantabara tana da mama.

Ɗalibar jami'ar André Salifou:
Baba Malam, a gafarce ni. Masu ƙwan nan na Ostareliya ba su da kan mama. Nonon yana tsattsafowa ne ta fatar ciki, ɗan ya lashe. Su ma masha-mama ne?

Malamin Hausa mai ritaya, Garin Malam:
Ƴata, abin da ke haɗa nonon yana nan a cikin jikinsu, kan ne kawai babu. Sunan Turawan ma a kan mama aka gina shi, bai hana su saka waɗannan biyar a ciki ba. Suna ba ya ɗaukar kowane bayani. Littafi yana cewa masha-mama ƙashin wuyansu bakwai ne, daga mutum har raƙumin dawan Kure mai dogon wuya, sai ga ayu na kogin Kwara da shida. Ba a kore shi ba.

Ma'aikacin gidan rediyo:
Kalmar tana da daɗin faɗi, ban musa ba. Amma a birni yanzu yara Mama suke kiran uwa, za su mai da ita abin tsokana. Kuma in na ce an ƙidaya masha-mama a gandun Tarmit da Tin Tumma, sai na tsaya na yi bayani, lokacin labarai kuwa a ƙidaye yake.

Ungozoma, Sabon Gari:
Su yi tsokanar, Malam, ai uwar ce ke ba da maman. Ni abin da ya fi burge ni, in aka zo kan mutum, cewa ɗan Adam masha-mama ne ba zagi a ciki. Amma ka tsaya gaban iyayen yara ka ce mutum dabba ne mai shayarwa, ka ga yadda taron zai watse.

Mushen kimiyya, Birni:
Hajiya, wannan ta ƙarshe ita ta yanke mini, don darasin dole ya zo kan mutum. Ga yadda zan yi. A kan babin zan rubuta Masha-mama, a layin farko in ce su ne waɗanda rediyo da littattafan Najeriya ke kira dabbobi masu shayarwa, don kada yaro ya ɓace in ya ci karo da shi a wani wuri. Misalan zan ɗauko su daga nan gida: barewa da warwajin Tarmit, gandun da aka kafa a 2012, yanyawa, dila, bushiya, jemagen da ke kwana a rufin ajinmu, sannan dorinar Ayoru da ayu. Ƙarƙashinsa rassa uku ne. Masu ƙwai sun samu suna, masu mabiyiya ma Hajiya ta san su fiye da ni. Saura na tsakiya, dangin kangaru, waɗanda ke haifar ɗa bai nuna ba ya ƙarasa girma cikin jakar fata a jikin uwar. Na rubuta masu goyon aljihu da fensir. Baba Malam, a duba mini.