Wace jijiya ce ta faɗaɗa? Neman kalma daga Kumasi

Malamai masu fassara, assalamu alaikum. Ina shirya darasin lafiya da Hausa domin iyayenmu mata na Aboabo da Asawase a nan Kumasi, sai kalmar "jijiya" ta tsayar da ni, domin a bakinmu ita ce hanyar jini, ita ce mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, kuma ita ce wadda mahauci yake cirewa daga nama.

Ga abin da ya kawo maganar. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, da suka kai shekara 38 aka ɗauki hoton cikin idanun mafi yawansu, kuma sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa a wurin masu sikizofireniya, nau'in taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, siraran jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya sun fi na sauran mutane faɗi. An duba ido ne saboda tantanin gani daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa tun ɗa yana ciki, kuma a nan likita ke iya ganin ƙananan hanyoyin jini ba tare da yanka ba.

In na ce "jijiyar ido ta kumbura", mai sauraro zai ɗauka wadda hawan jinin ido ke kashewa nake nufi, alhali ba ita ba ce, kuma ba kumburi ba ne. Da farko na zaɓi "jijiyar tafi" da "jijiyar dawo", sai wata hajiya ma'aikaciyar jinya ta ce mini, "Malam, kowa zai duba tafin hannunsa." Gaskiyarta. Na koma "jijiyar aike" ga mai kai jini, na bar "jijiyar dawo" ga mai mayar da shi. Tantanin kuwa na kira shi "tantanin ƙuryar ido", na guji "yana" domin ciwon yanar ido ya riga ya riƙe kalmar.

Jimlar da zan karanta ita ce: "Siraran jijiyoyin dawo na tantanin ƙuryar ido sun faɗaɗa." Zan biyo ta da cewa ciwon suga da hawan jini ma suna sauya waɗannan jijiyoyi, saboda haka hoton ido kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Duk mai gyara a kan "aike" ya kawo kafin Asabar.