White Sox bayan faɗuwa 121: a sayar da Luis Robert yanzu, ko a jira Yuli?

Ɗan Gidan Sox ya rubuta a Disambar 2024:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin besbol. Kun dai ga yadda kakar 2024 ta ƙare mana, mu magoya bayan White Sox ta Shikago: cin wasa 41, faɗuwa 121, mun wuce Mets ta 1962 da ta faɗi 120. A tsakiyar kakar an jera wasa 21 ba a ci ko ɗaya ba, har aka sallami koci Pedro Grifol a watan Agusta. Yanzu a wannan Disambar babban manajan ƙungiya Chris Getz ya tura mai jifa Garrett Crochet Boston, ya karɓo yara huɗu: Kyle Teel, Braden Montgomery, Chase Meidroth da Wikelman González.

Wanda ya rage mai daraja a kasuwa shi ne Luis Robert Jr. Shin a sayar da shi kafin a fara kakar 2025, ko a riƙe shi zuwa ƙarshen Yuli lokacin rufe kasuwa? Sannan cinikin Crochet ɗin, an ci riba ko an yi arha da shi? Kuma me za a yi da masu cafke (masu tsugunawa bayan mai bugu su kama ƙwallon da aka jefo) har uku, tunda ga Teel, ga Edgar Quero, ga Korey Lee? Don Allah a yi bayani da hujja.

Mai Alƙaluma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. A riƙe shi. Dalilina yana cikin kwantiraginsa, ba cikin son zuciya ba.

A 2020 ya sa hannu kan shekara 6 a dala miliyan 50. Albashinsa na 2025 miliyan 15 ne. Bayan nan ƙungiya ce ke da zaɓi: in ta so ta riƙe shi a 2026 kan miliyan 20, ta sake riƙe shi a 2027 kan wani miliyan 20, in ba ta so ta ba shi miliyan 2 na sallama. Wato duk wanda ya ɗauke shi, abin da ya zama dole a kansa miliyan 17 ne kacal, amma in yaron ya dawo hayyacinsa yana da shi har shekara uku a miliyan 55. Ɗan wasan tsakiyar fili na baya da ya buga homron (bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili) 38 a 2023, ga gudu, ga tsaro, ba a samunsa a wannan kuɗin a buɗaɗɗiyar kasuwa.

Matsalar ita ce ba Robert na 2023 masu saye ke gani yanzu ba. Na 2024 suke gani: wasa 100, matsakaicin bugu .224, homron 14, kuma kusan kowane zuwa uku gaban mai jifa, ɗaya ana fitar da shi bai taɓa ƙwallo ba. Ciwon ƙugu ya kwantar da shi tun Afrilu kusan wata biyu, da ya dawo kuma hannunsa bai zauna ba, yana bin ƙwallon da ke lanƙwasa ta fice waje. Wanda ya kai shi kasuwa yau kamar mai kai rago ne kwana biyu bayan Sallah, mai saye ne zai yanka farashi.

Shekararsa 27. Ba tsufa ba ne. A ba shi Afrilu, Mayu da Yuni. In ya buga homron goma sha wani abu yana tsaye da ƙafarsa, a Yuli ƙungiyoyin da ke neman gurbin wasannin neman kofi na Oktoba za su zo da kansu, kuma a lokacin ne suke sakin yaran da a Disamba suke cewa ba na sayarwa ba ne.

Shi kuwa Crochet, jiran da aka yi da shi ya biya. Kafin 2024 duk jifan da ya yi a babban lig zagaye 73 ne, ga tiyatar gwiwar hannu a 2022. A Yuli masu saye sun ja baya saboda ba su san ko hannun zai kai Oktoba ba. Sox ta taƙaita masa aiki, ba ya wuce zagaye huɗu, ya gama kakar lafiya da zagaye 146, ya fitar da masu bugu 209. Shi ya sa Boston ta yarda ta saki Teel, wanda ta zaɓa na 14 a 2023, da Montgomery, na 12 a 2024.

Baban Hafsat ya amsa:

Mai Alƙaluma, lissafinka daidai ne amma ka tsallake layi ɗaya: yawan wasannin da yake bugawa. A 2021 wasa 68, a 2022 wasa 98, a 2023 wasa 145, a 2024 wasa 100. Kaka wasa 162 ce. Cikin shekara huɗu sau ɗaya ya yi kusa da cikawa. Kana cewa a ba shi wata uku, to in ƙugun ya sake motsawa a Mayu fa? Ba wanda zai ba da yaro mai daraja a kan wanda ke jerin masu jinya a Yuli. Daga nan sai Nuwamba ta zo, Getz ya zauna yana tunanin ko ya biya miliyan 20 don kada ya tashi a tutar babu, ko ya ba da miliyan 2 a rabu.

Ga wani abin kuma: kowane wata da ya wuce yana cin abin da ake sayarwa. Ba ɗan wasa kaɗai ake saye ba, shekarun da zai yi a hannunka ake saye. Yau kaka uku ce cif. A Yuli biyu ce da wata biyu.

Ni a ganina a sayar yanzu, amma da dabara. Sox ta ce za ta biya wani kaso na miliyan 15 ɗin nan, ko rabi ne, a madadin yaro mafi kyau. Dokar lig ta yarda a haɗa kuɗi cikin musaya. Kuɗin kuwa akwai, domin an sauke Yoán Moncada, wanda zaɓin riƙe shi miliyan 25 ne kuma wasa 12 kawai ya buga a 2024, Eloy Jiménez ma ya tafi Baltimore tun Yuli. Sai dai ko mai ƙungiyar Jerry Reinsdorf zai yarda ya biya ɗan wasan da ke buga wa wasu, wannan wata magana ce, kuma a nan nake jin tsoro.

Abin da ba na so in ji ko kaɗan shi ne a haɗa Robert da Andrew Benintendi a ciniki ɗaya don a rabu da nauyin kwantiragin Benintendi. Shekara 5 ne a miliyan 75, mafi girma a tarihin ƙungiyar, sai ƙarshen 2027 zai ƙare. Duk wanda ya yarda ya ɗauki wannan nauyin zai cire shi daga darajar yaran da zai bayar. Ƙungiyar da ta faɗi wasa 121 yara take nema, ba rangwamen albashi ba.

Kuma a yi hattara da cinikin gaggawa irin na Yulin da ya wuce. An ba da Erick Fedde, Tommy Pham da Michael Kopech a musayar ƙungiyoyi uku, babban abin da aka samu Miguel Vargas ne, ya zo ya buga .104. Kopech ya je Dodgers ya ɗauki kofin duniya. In za a sayar da Robert, a nemi yaro ɗaya wanda kowa ya yarda da shi, ba huɗu masu "wataƙila" ba.

Umman Sadiq ta amsa:

Malam mai tambaya, bari in ɗauki maganar masu cafke, don ita ce mutane suka fi ruɗewa a kanta. Babu cunkoso tukuna. Jeri biyu ne: na mutum 40, waɗanda ƙungiya ta kare daga hannun wasu, da na mutum 26 da ke buga wasa a babban lig, kuma a cikin 26 ɗin masu jifa ba sa wuce 13. Yawanci masu cafke biyu ake ajiyewa. Teel da Quero zuwa ƙarshen 2024 duk ba su taɓa buga babban lig ba, suna iya fara kakar a Charlotte, matakin Triple-A da ke ƙasa da babban lig, Lee ya riƙe wurin tare da wani gogagge.

Akwai dalilin kuɗi ma. Kwana 172 a jerin babban lig shi ne shekara ɗaya ta aiki. Yawanci sai ɗan wasa ya cika shekara 3 yake samun damar kai batun albashinsa gaban masu sasanci, sai ya cika 6 yake zama mai 'yancin kansa. In aka riƙe yaro a Charlotte makonni biyu da 'yan kwanaki a farkon kaka, ba zai cika 172 ba, ƙungiya ta samu kaka ta bakwai ke nan. Yarjejeniyar 2022 ta ɗan toshe wannan ƙofar: wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sabbin 'yan wasa ana rubuta masa shekara cikakkiya ko yaushe aka kira shi.

Idan duk su biyun suka hau, aikin cafke yana cin gwiwa da yatsu, da wuya mutum ɗaya ya tsuguna fiye da wasa 110 zuwa 120. Teel da hagu yake bugu, Quero da hannu biyu. Ɗaya ya tsuguna, ɗaya ya shiga a matsayin mai bugu kawai, gobe a juya. Kada a sayar da ko ɗaya sai an ga wanda masu jifa suka fi sakin jiki da shi, da wanda hannunsa ke kama ɓarayin tasha ta biyu.

Inda ya kamata a sa ido shi ne Shane Smith, mai jifan da aka ɗauko daga Milwaukee a zaɓen Doka ta 5, inda ake ɗaukar wanda ƙungiyarsa ba ta sa a jerin 40 ba. An biya dala 100,000. Sharaɗin shi ne ya zauna a jerin 26 duk kakar, ba a tura shi ƙaramin lig. In aka gaji da shi sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi, in babu mai so a mayar wa Milwaukee a 50,000. Ƙungiya mai neman kofi ba ta iya ɓata gurbi haka, amma Sox tana iyawa, kuma wannan ce ribar kasancewa a ƙasa. Haka nan a farkon kaka ita ce gaba a layin ɗaukar duk wanda wata ƙungiya ta cire daga jerin 40. Gurbi biyu ko uku na ƙarshen jerin su zama na gwaji: a ɗauko, a duba wata guda, in bai yi ba a sake. Sai dai a duba ko ɗan wasan yana da sauran damar saukarwa, domin shekara uku kawai ake iya tura mutum ƙaramin lig ba tare da tallata shi ba. Wanda nasa suka ƙare, ko ya zauna a 26 ko ka rasa shi.

Mai Alƙaluma ya sake amsawa:

Baban Hafsat, na karɓi maganar biyan rabin albashi, ita ce hanya ɗaya da za a samu farashin kirki a Disamba. In wata ƙungiya ta ajiye yaro mai bugu da ke cikin hamsin na farko a jerin masu tasowa, a sallama yau. Ƙasa da haka ban yarda ba.

Na ce mai bugu da gangan. Sox ta ci maki 507 ne a duk kakar, aka ci ta 813, homron ɗinta 133, a cin maki da homron duk lig babu na ƙasa da ita. Masu jifa kuwa akwai su a hanya: Noah Schultz da Hagen Smith, duka 'yan hagu, ga Drew Thorpe da aka samu a cinikin Dylan Cease in gwiwar hannunsa ta warke. Ɓangaren bugu ne fayau. Colson Montgomery, wanda ake jira a tsakanin tasha ta biyu da ta uku, .214 ya buga a Charlotte. Shi ya sa Meidroth ya fi burge ni fiye da yadda ake maganarsa. Ba shi da ƙarfin homron, amma a Worcester, Triple-A ta Boston, an ba shi tafiya kyauta zuwa tasha ta farko sau 105, yana hawa tasha a .437. Ƙungiyar da ke kaɗa sanda a kan kowace ƙwallo tana bukatar mai haƙuri irinsa a saman jeri.

Tsohon Ɗan Kallo ya amsa:

'Yan'uwa, akwai abin da ya sa wannan cinikin ya fi nauyi a kan Sox fiye da yadda ya yi wa wasu. Houston ta faɗi wasa 106, 107 da 111 daga 2011 zuwa 2013, ta yi ta kwasar zaɓin farko, ta ɗauki kofi a 2017. Baltimore ta faɗi 115 a 2018, ta samu Adley Rutschman da zaɓin farko, ta ci 101 a 2023. Wannan hanyar an rufe ta. Yanzu gurbi shida na farko ƙuri'a ake jefawa, kuma ƙungiyar babban birni irin Shikago ba ta samun gurbi a ƙuri'ar shekara biyu a jere. Tunda ta samu na 5 a 2024, a 2025 na 10 za ta zaɓa, duk da faɗuwa 121. Faɗuwar ba ta sayo komai ba. Saura musaya da renon yara.

Renon kuma shi ne inda aka faɗi a baya. A Disambar 2016 an sayar da Chris Sale aka samu Moncada da Kopech, aka sayar da Adam Eaton aka samu Lucas Giolito da Reynaldo López, a 2017 José Quintana ya kawo Jiménez da Cease. Kowa ya yaba a lokacin. An ci wasa 93 a 2021 aka ɗauki rukuni, daga nan ciwo da rashin madadi suka rusa komai, don babu wasu yaran da ke biye. Cinikin bai yi laifi ba, abin da ya biyo bayansa ne.

Aikin da za a iya yi a wannan hunturun shi ne a maimaita abin da aka yi da Fedde. An ɗauko shi daga Koriya ta Kudu a shekara 2 kan miliyan 15, ya yi wata huɗu yana jifa mai kyau, aka samu abin sayarwa. A ɗauko gogaggun masu jifa biyu ko uku a kwantiragin shekara ɗaya, ɗaya mai fara wasa da zai ci zagaye 150 don kada a ƙona hannun yara, sauran masu rufe wasa, tunda a Yuli babu abin da ake rububi kamar su. Mike Tauchman da Austin Slater da aka ɗauko don fili na baya irin wannan lissafin ne. Koci Will Venable kuma ya sa su a wuraren da alƙalumansu za su fito, a sayar da kowannensu daban, kada a sake cusa uku a ciniki ɗaya. Shi Robert, ina tare da Baban Hafsat: a saurari tayi tun yanzu, a sa kuɗi a ciki, kuma in an shiga kaka da shi a riƙa ba shi hutun kwana ɗaya a mako ko a sa shi bugu kawai, musamman a sanyin Afrilu na Shikago, lokacin da ƙugun ya kama shi a 2024.