Taƙaitawa: haɗa gishirin tankin murjani

Ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan yadda ake haɗa ruwan gishiri don tankin murjani, wato tankin da ake kiwon murjani mai rai na teku a ciki.

An yi ittifaƙi:
1. Gishirin girki ba ya yi, sai na tanki, irin su Instant Ocean ko Red Sea.
2. Ruwan RO/DI, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa ma'adanai, ba na famfo ba.
3. A zuba gishiri cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kan gishiri, in ba haka ba ruwan ya yi fari kamar koko.
4. Ma'aunin yawan gishiri a ruwan (specific gravity) ya tsaya 1.025 zuwa 1.026, zafi wajen digiri 25 na Celsius.
5. Ruwan da ya ƙafe, a cike da marar gishiri.

Inda aka rabu: wasu sai haɗin ya kwana kafin a zuba a tanki, wasu awa biyu. Kan tsada kuwa, gardama ta ƙi ƙarewa.