Neman shawara: in faɗa mata ƙarshen fim ɗin ko in yi shiru?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda bai kalli Hot Fuzz ba ya wuce, don zan fasa ƙwai.

Daren jiya na kalli wannan fim ɗin barkwanci na Ingila, wanda Edgar Wright ya ba da umarni a 2007. Simon Pegg ne Sajan Nicholas Angel, ɗan sandan Landan da aka tura ƙauyen Sandford saboda ƙwazonsa yana tona asirin abokan aikinsa. Mutane na ta mutuwa, ana cewa haɗari ne. Ni da sajan duk mun ɗauka Skinner mai babban kanti ne yake kisan saboda harkar fili. Ashe dattawan kwamitin tsaron unguwa ne, don kada Sandford ta rasa kambun ƙauyen da ya fi kowanne. Ɗan jarida, laifinsa kuskuren rubutu. Wata baiwar Allah kuwa dariyarta ce ba ta yi musu ba. Da Sufeto Frank, mahaifin Danny abokin aikin sajan, ya bayyana a matsayin jagoransu, shayin hannuna har ya huce ban kurɓa ba.

Ina so mu kalla da maiɗakina ranar Juma'a, amma ba ta son ganin jini. In faɗa mata komai tun farko, ko in bar ta ta ji abin da na ji?

Uwargida: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka raba abu biyu. Jini kam ka gargaɗe ta, musamman wajen da ƙololuwar ginin coci ta faɗo wa ɗan jaridar a ka. Ni sai da na rufe ido da mayafi. Ka ce mata ta kau da kai in an zo bikin cocin. Amma su waye makasan, wannan kada ka taɓa. Maigidana ya taɓa faɗa min ƙarshen wani fim, har yau raina bai daina ɓaci ba.

Mai Shago: Malam, gyara kaɗan. Zarginka bai faɗi ƙasa ba, Skinner ma yana cikinsu, dalilin kisan ne kawai ba fili ba. Ka sake kalla kai kaɗai kafin Juma'a, ka saurari maganganunsa. Tun haɗuwarsu ta farko yake zolayar sajan da zancen yanka.

Ɗan Makaranta: Yaya, fuskarka za ka kiyaye. In an zo inda Danny ya soki Angel da wuƙa, kada ka yi murmushi, nan take za ta gane tumatirin kwalba ne ba jini ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan faɗa mata wuraren jinin kawai. In ta tambaye ni wa ya yi kisan, zan ce ta zuba ido.